Sauro, Shanu da Amanar Kasuwa: Bayani ga Malamai da Fatake

Bayan godiya ga Allah, Mahaliccin giwa da sauro, da salati ga fiyayyen halitta, wannan bayani ne a kan wasu cututtukan dabbobi waɗanda sauro ke yaɗawa, da abin da ya rataya a wuyan mai kiwo da dillali da mahauci game da su. Dalilin tayar da maganar kuwa shi ne, a ƙarshen daminar shekarar 2025 ɗaya daga cikin cututtukan nan, wadda ake kira zazzaɓin Kwarin Rift, ta sake tashi a ƙasashen Senegal da Muritaniya, ta zubar da cikin dabbobi, ta kashe mutane. Shekara 9 kafin wannan ta yi irin wannan ɓarna a jihar Tawa ta ƙasar Nijar, wadda dabbobinta ke shigowa kasuwannin ƙasar Hausa. Magabata sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka ya kamata mutanen Kano, musamman na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku, inda ake turke raguna da bijimai a cikin gidaje, ake kuma cinikinsu kullum, su san yadda cutar take tun ba ta ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Fasali na 1: Cututtukan da ba su da suna a kara

A sani cewa mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin cututtukan shanu, har kowace sun raɗa mata suna: bushiya da ciwon huhu da sammore da harbin daji da ƙirci da bakkale. Amma akwai wasu waɗanda ba a ba su suna a kara ba, domin ba kowace shekara suke zuwa ba, kuma in sun zo sukan ɓuya cikin rigar wata cuta. Asalinsu wasu ƙwayoyi ne da likitoci ke kira bairos, ƙanana ƙwarai da gaske, har madubin likita na yau da kullum ba ya ganinsu. Ba su iya hayayyafa sai a cikin jikin abu mai rai. Sauro zai ciji saniyar da ke da su a jini, su yi kwanaki suna ƙaruwa a cikinsa, sa'an nan ya ciji wata ya zuba mata. Waɗansunsu ba sauro kaɗai ke ɗaukarsu ba, har da wani ƙwaro ɗan mitsitsi mai cizo da almuru, wanda bai kai rabin sauro ba, yana hayayyafa a taɓon da ya gauraya da kashin shanu.

Ta fuskar ɓarnarsu ana iya kasa su kashi 3. Na farko shi ne ciwon kwana uku. Sa zai wayi gari da zazzaɓi, gaɓoɓinsa su sandare, ya riƙa ɗingishi, yawu na zuba, ya ƙi cin abinci, wani ma ya kwanta ya kasa tashi. Bayan kwana 3 ko kusa da haka sai ya miƙe. Bai cika kisa ba, kuma ba ya kama mutum, amma nonon saniya yakan ƙafe, kuma ya fi wahalar da manyan bijimai masu ƙiba da shanun huɗa, a daidai lokacin da manomi ya fi bukatarsu.

Na biyu su ne masu lalata abin da ke ciki. Saniya ko tunkiya za ta kamu ba tare da an ga alama ba, sai bayan watanni ta haifi ɗa mai karkatattun ƙafafu da sandararrun gaɓoɓi, ko makaho wanda ba ya iya tsayuwa ya sha nono, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta cika ba. Mafi shahara cikinsu ita ce Akabane, wadda aka fara samu a jikin sauro a ƙasar Japan a 1959, ta kuma lalata dubun-dubatar maruƙa a can tsakanin 1972 da 1975.

Na uku shi ne zazzaɓin Kwarin Rift, wanda ya fi su duka sharri, domin shi yana haɗa dabba da mai ita.

Fasali na 2: Sunayensu na gida ne

Mai karatu kada ya ɗauka cewa waɗannan cututtukan wata uwa duniya ne. A shekarar 1964 aka buɗe wani ɗakin binciken ƙwayoyin cuta a Jami'ar Ibadan, garin da fatake ke kira Badun, da taimakon Gidauniyar Rockefeller ta Amurka. Masu binciken suka riƙa ɗibar jinin shanu da awaki, na waɗanda fatake ke kaiwa kudu da na mayankun arewa, suna kuma kama sauro da ƙananan ƙwari suna dubawa. Cikin 'yan shekaru suka gano ƙwayoyi da dama waɗanda duniya ba ta san da su ba. Ɗaya suka kira ta Sabo, sunan unguwar Hausawa ta Badun, wadda cinikin shanu da na goro suka raya. Wata suka kira ta Sango, wata Shamonda. Wata kuma, wadda aka samu a jinin saniya a Sakkwato a 1966, aka sa mata suna Shuni, sunan da ke kan wani gari na ƙasar Sakkwato. Duk waɗannan dangin Akabane ne.

A wancan zamani ba a ɗauke su da muhimmanci sosai ba, domin dabbobin da aka same su a jikinsu ba su nuna wata babbar rashin lafiya ba. Ashe ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Bayan shekaru aka ga Shuni tana kama ƙwaƙwalwar dawaki a Afirka ta Kudu, aka kuma same ta cikin nakasassun 'ya'yan dabbobi a ƙasar Isra'ila a 2014. A 2011 wata 'yar'uwar Shamonda ta ɓullo a Jamus, aka kira ta Schmallenberg da sunan garin da aka fara ganinta, ta bazu cikin ƙasashen Turai tana nakasa 'yan tumaki da maruƙa. Shi kansa zazzaɓin Kwarin Rift an samu ƙwayarsa a Nijeriya tun 1959, a jikin wasu tumaki da aka shigo da su daga Afirka ta Kudu. Tun daga nan binciken jini da aka yi a lokuta daban-daban ya nuna alamar cewa shanu da tumaki da awaki da raƙuma a arewacin ƙasar nan sun taɓa gamuwa da ita. Watau cutar tana nan tana kewaya a ɓoye, kamar garwashi cikin toka.

Fasali na 3: Yadda zazzaɓin Kwarin Rift ke tashi

An fara gane wannan cuta a ƙasar Kenya a 1930, kusa da tafkin Naibasha, cikin wani babban kwari da ake kira Rift, inda dubban tumaki suka mutu a wata gona cikin 'yan makonni. Daga sunan kwarin aka samo sunanta.

Sha'aninta akwai abin mamaki. Akwai wani irin sauro wanda ba ya zuba ƙwansa a kan ruwa, sai a kan danshin ƙasa a gefen tafki ko fadama. Uwar sauron in tana ɗauke da cutar takan gadar da ita ga ƙwan. Ruwa ya janye, ƙasa ta bushe ta tsage, ƙwan yana nan da rai, yana iya yin watanni, har ma shekaru. Ran da aka yi ruwa mai yawa, fadama ta cika ta wuce iyakarta ta kullum, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe gaba ɗaya, sauro ya tashi da cutar a bakinsa tun bai ciji kowa ba. Ya faɗa wa dabbobin da ke kiwo a bakin ruwa, cutar ta ƙaru a jininsu ninkin-ba-ninkin, sa'an nan sauran ire-iren sauro na gari su ɗauka su raba ko'ina. Shi ya sa cutar kan yi shiru shekaru da yawa, kāna ta tashi bayan damina mai ambaliya.

Babbar alamarta ita ce ɓari. Tumaki masu ciki kusan dukkansu sukan zubar, ƙanana da manyan ciki, cikin kwanaki kaɗan. Shanu da awaki da raƙuma su ma suna ɓari. 'Yan tumaki sababbin haihuwa, cikin 10 sai 9 su mutu, domin cutar hanta take lalatawa. Manyan shanu kuwa yawancinsu sukan warke bayan zazzaɓi da zawo da ƙafewar nono. A Afirka ta Kudu tsakanin 1950 da 1951 tumaki kimanin 100,000 suka mutu, wajen 500,000 suka yi ɓari.

Mutum yana iya kamuwa ta cizon sauro, amma mafi yawa ta hanyar taɓa jini da kayan ciki da ruwan haihuwa na dabbar da ta kamu ne: wajen yanka, ko fiɗa, ko taimakon mai naƙuda, ko ɗaukar ɗan ɓari da mabiyiya da hannu. Shan madarar da ba a tafasa ba shi ma hanya ce. Bayan kwana 2 zuwa 6 sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, kamar zazzaɓin cizon sauro da aka saba. Yawanci mutum yakan warke cikin mako guda. Amma kaɗan daga cikin masu kamuwa cutar kan taɓa musu ido har ganinsu ya raunana ko ya tafi, waɗansu ta hau ƙwaƙwalwa, waɗansu idonsu ya yi ɗorawa, jini ya riƙa fita ta hanci da baki. Waɗannan na ƙarshe kimanin rabinsu ba su tashi. Ba a tabbatar da cewa mutum yana shafa wa mutum ba.

Ruwan da ɗan Adam ya tare da hannunsa shi ma yana da hannu a ciki. A Masar, ƙasar noman rani da magudanai, cutar ta tashi a 1977, mutum kusan 600 suka rasu. A 1987, shekara guda bayan an gama madatsar ruwa ta Diyama a kan kogin Senegal, ta tashi a kudancin Muritaniya, mutum fiye da 200 suka rasu.

Fasali na 4: Abin da ya faru a Tawa

A watan Agusta na 2016 aka fara jin labarin mace-macen da ba a san dalilinsu ba a yankin Cintabaradan, arewacin jihar Tawa, ƙasar Buzaye da Fulani da Larabawa makiyaya. A lokaci guda dabbobi na ta ɓari suna mutuwa. Aka ɗebi jini aka aika Cibiyar Pasteur ta Dakar, a watan Satumba amsa ta dawo cewa zazzaɓin Kwarin Rift ne. Cutar ta taɓa Tasara da Abalak. Kafin ƙarshen shekara mutum fiye da 300 aka yi zaton sun kamu, 33 suka rasu, galibinsu makiyaya.

Abubuwa 2 suka ƙara wa hukuma fargaba a wannan shekara. Na ɗaya, Babbar Salla ta 1437 ta faɗo ran 12 ga Satumba, ana tsakiyar annobar, lokacin da kowane gida ke yanka, dabbobi kuma ke tafiya daga daji zuwa birane. Na biyu, a cikin watan ne makiyaya ke taruwa a Ingal da garkunansu domin lasar gishiri, daga nan kowa ya watse zuwa ƙasarsa.

Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin farkon ɓarin dabbobi da ranar da aka san sunan cutar. Makonni suka wuce. A cikin waɗannan makonni mutane suna ta yanka dabbobin da suka kwanta, suna ɗaukar 'ya'yan ɓari da hannu, domin ba wanda ya gaya musu. Dabba ita ce ke fara ba da labari. In an ji labarin daga bakin garke, an tsira da mutane. In kuwa sai da aka ji shi daga gadon asibiti, to an makara.

Fasali na 5: Ina ruwan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni?

Ba a taɓa shelar annobar wannan cuta a Kano irin yadda aka yi a Tawa ba, alhamdu lillahi. Amma duk abin da take bukata yana nan.

Na farko, hanya. Dabbobin Nijar suna shigowa ta Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari. Ana cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, ta Wudil ran Juma'a, ta Dambatta ran Lahadi. Da can, sa'ad da ake koro shanu a ƙasa, tafiyar kan ɗauki makonni, mara lafiya ya mutu a hanya ko ya warke kafin ya iso. Yanzu kuwa mota ce. Ragon da sauro ya ciza a bakin wani tafki na arewa yana iya kwana a 'Yan Awaki ta Unguwa Uku tun zazzaɓin bai sake shi ba, alhali a waɗannan kwanaki ne jininsa ya fi cika da ƙwayar.

Na biyu, ruwa da sauro. Kano gari ne na kududdufai da magudanai masu toshewa, ga ruwan Agusta da ke kwanciya a lunguna. Kudu da birni ga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da gonakin shinkafa na Kadawa da Kura, inda ruwa ke kwance rani da damina, makiyaya kuma ke kai shanunsu cin karmami bayan girbi. Ambaliya irin wadda ta cinye kwarin Haɗeja a 2022 ita ce ainihin irin ruwan da ke tayar da ƙwan sauron da aka ambata.

Na uku, kusanci. A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Darmanawa da Hotoro turken rago da ɗakin kwana bango ɗaya ne ya raba su. Mata da yara su ke ba dabba dusa, su ke share turke, su ke tsayawa a kan tunkiya in tana haihuwa. Almajirai su ke taya fiɗa da wankin kayan ciki ran suna. Mahauta da masu fiɗa da 'yan fata kuwa hannunsu cikin jini yake tun asuba, sau da yawa da ƙananan raunukan wuƙa.

Gaskiya ne layya ta fita daga tsakiyar damina, domin tana ja baya da kwana 11 kowace shekara: a 2016 ta zo a Satumba, a 2025 ta zo farkon Yuni. Wannan sauƙi ne, amma ba ya nufin an tsira. Ragon suna ba shi da wata, yankan kasuwa ba shi da hutu, kuma ƙarshen damina, lokacin da cutar ke tashi, shi ne lokacin da makiyaya ke fitar da dabbobi masu ƙiba zuwa kara.

Akwai kuma wata matsala. Zazzaɓin nan a jikin mutum ya yi kama da na cizon sauro, in ya tsananta ya yi kama da shawara ko zazzaɓin Lassa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana nan a Gyaɗi-Gyaɗi a bakin titin Zariya, amma likita, komai ƙwarewarsa, yana aiki ne da abin da aka faɗa masa. Mahaucin da ya zo da zazzaɓi bai ambaci sana'arsa ba, ko matar da ba ta ce tumakinta 3 sun yi ɓari a makon jiya ba, sun ɓoye wa likita rabin ciwon.

Fasali na 6: Ɓoye aibi

A nan ne maganar ta zo kan fatake. Al'ada ce sananna, in dabba ta kwanta sai a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe, ko a gaggauta kai ta kasuwa a karya kuɗinta kafin a gane. In garke ya fara ɓari, mai shi yakan yi shiru, domin yana tsoron in ya faɗa ba mai sayen nasa. Kowa ya san zafin asara, kuma ba a zargin mutum don ya so tsirar da dukiyarsa. Amma a cikin wannan cuta, wuƙar da aka yi gaggawar sa wa dabba ita ce ke buɗe wa ciwon ƙofa zuwa ga mutum, motar da aka ɗora ta kuma ita ce ke kai shi garin da bai sani ba.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Ɓoye aibin abin sayarwa algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in aibin ya bayyana. Dillalin da ya sani ya yi shiru, la'adarsa ta gauraya da haƙƙin wani. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san dabba mai bayyanannen ciwo ba ta isar wa layya. Ya kuma tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwama su da masu lafiya. Sayyidina Umar ma ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji labarin annoba a can, bai ga haka ya saɓa wa tawakkali ba. Ya kamata malamai su rarrabe wa jama'a abu 2 da ake cakuɗawa: yanka yana fitar da dabba daga hukuncin mushe, amma ba ya fitar da cuta daga jininta. Wanda ya sayar wa mutane abin da ya san zai cutar da su, ambaton sunan Allah a kan wuƙa bai sauke masa nauyi ba.

Ko ta fuskar riba kaɗai aka duba, ɓoyewa ba dabara ba ce. A watan Satumba na 2000 cutar ta tsallaka Bahar Maliya ta faɗa yankin Jizan na Saudiyya da ƙasar Yaman, mutum fiye da 100 suka rasu a kowace ƙasa. Nan take Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga ƙasashen gabashin Afirka. Tashar jiragen ruwa ta Barbara a ƙasar Somaliya, wadda ke aika miliyoyin tumaki da awaki, musamman domin hadayar alhazai, ta yi tsit. Ba a ɗage wa Somaliya hanin ba sai a 2009. Mai dabba lafiyayya da mai mara lafiya duk tare suka yi asara shekara 9, wake ɗaya ya ɓata gari. Kano ita ma da amana take ciniki: shanun da ake lodi zuwa Ikko da Fatakwal, da fatun da ake jima a Sharaɗa da Challawa a kai Turai, duk suna tafiya ne muddin mai saye ya yarda da su. Ran da aka ji cuta ta fito daga wata kasuwa, kuma aka ji an sani an ɓoye, asarar ba za ta tsaya kan sa ɗaya ba.

Fasali na 7: Abin da ya kamata

Ga mai kiwo a gida ko a ruga: tunkiya ɗaya ta yi ɓari, wannan abu ne da aka saba, yana da dalilai da yawa. Amma in dabbobi da dama suka yi ɓari cikin kwanaki kaɗan, ƙanana kuma suna mutuwa, musamman bayan ruwa mai yawa, to a sanar da malamin dabbobi da mai unguwa a ranar. Kada a taɓa ɗan ɓari da mabiyiya da hannu tsirara. A sa safar hannu ko leda mai kauri, a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa a juji ko kududdufi inda karnuka da yara ke zuwa. A tafasa madara, a dafa nama ya nuna sosai, a kwana cikin gidan sauro, a yashe magudanai. Allurar da ake saya a kasuwa domin kashe ƙwayoyin cuta ba ta kashe bairos, kuma tsira wa dabbobi da yawa da bakin allura ɗaya yana raba musu cutar daga jini zuwa jini.

Ga Sarkin Fawa da shugabannin kara: dabbar da ta zo da zazzaɓi ko zawo mai jini a keɓe ta har malamin dabbobi ya gani. A riƙa rubuta inda kowace mota ta fito. Hantar da aka ga ta kumbura, ta yi fari-fari ko ɗigo-ɗigon jini, a nuna ta, kada a yanyanka ta cikin tsire. Kuma tun da tsoron asara ne ke kawo shiru, ya kamata ƙungiyoyin dillalai da mahauta su kafa asusu, kowa ya riƙa zuba ɗan abu daga la'ada, domin a rage wa wanda aka hana sayar da dabbarsa zafi. Fatake sun san adashi tun kaka da kakanni, wannan ba baƙon abu ba ne.

Ga hukuma: akwai allurar rigakafi ta dabbobi, amma ta mutane ba a sami wadda aka amince a yi wa jama'a ba tukuna. Ita ta dabbobin kafin annoba ake yin ta, ba a tsakiyarta ba, kuma wani irinta yana iya sa mai ciki ɓari, don haka aikin masana ne. Ƙasar nan tana da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, da sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024. Abin da ake bukata shi ne a riƙa ɗibar jini a kasuwannin kan iyaka da mayanku kowace damina, likitan dabbobi da likitan mutane su riƙa jin labarin juna, a kuma biya diyya ga wanda ya faɗi gaskiya. Dokar da ke hukunta mai faɗa, ta ƙyale mai ɓoyewa, shiru take koya wa mutane.

Ga malamai: su ne ke yanka ragon suna, su ake tambaya ko wannan dabba ta halatta, su jama'a ke saurare ran Juma'a. Kalma ɗaya daga kan buzu ta fi takarda 100 da aka manna a bango.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfin mutane. Bushiya ta share shanun ƙasar nan wajen 1890, har Fulani da yawa suka wayi gari ba su da ko maraƙi. A 1962 aka fara gangamin yi wa shanu allura a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Da aka yi sake ta dawo a 1983 ta yi mummunar ɓarna, aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. An ci wannan nasara ne domin makiyayi ya kawo shanunsa, ya kuma faɗi abin da ya gani. Cututtukan sauro ba za su ƙare kamar bushiya ba, domin ƙwansu yana kwance a ƙasa yana jiran ruwa. Amma ana iya rage ɓarnarsu ƙwarai in labari ya riga cutar isowa gari, kuma labarin yana hannun wanda ya fara ganin ɓari a turkensa.

Allah ya tsare dukiya da masu ita, ya ba da damina mai albarka, ya sa albarka a kasuwa. Wassalamu.